Tsimin Mai Da Ke Huda Fistin A Kura Da Bunkure

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da sassafe a lokacin hunturu, in ya iso tsakanin Kwanar Gafan da Kura, da wuya bai ga wata a-kori-kura a gefen titi ba, an ɗaga murfin injinta, kwandunan tumatir suna jibge a baya, direba da yaron mota sun yi cirko-cirko. Wanda bai sani ba sai ya ce mai ne ya ƙare, ko kuwa injin ne ya yi zafi. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai mai a tanki, akwai ruwa a lagireto, baƙin mai kuma bai ragu ba. Amma in an kwance kan injin sai a tarar fistin guda ya huje kamar an ɗiga masa garwashi, sauran ukun kuwa lafiyarsu lau. Tumatir dai ba ya jiran bakanike. Kafin a samo wata motar a juye kayan rana ta take, kuma kuɗin da za a saye shi a kasuwar 'Yankaba ba zai kai na safe ba.

Wannan ciwo yana da suna a littattafan koyon kanikanci, amma a gareji abin da ake cewa shi ne silindar ba ta samun mai, watau iska ta rinjayi mai a cikinta. A nan za mu kira shi yunwar mai. Abin da ya sa ya cancanci a yi dogon bayani a kansa shi ne yakan kama silinda ɗaya tak ya bar sauran, ya ɓuya a bayansu, har mai mota ya riƙa murna wai motarsa ta rage shan mai, alhali kuwa tana cin kanta ne.

Ruwan Tiga da injunan da ya jawo

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, kuma daga gare ta ne babbar hanyar ruwa ta taso ta ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne don shayar da hekta 22,000, kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Masu zanen sun tsara ruwan ya gangara da kansa daga babban kanal zuwa ƙanana har ya shiga gona, ba tare da inji ba. Amma mutane sun fi ruwa yawa. Wanda gonarsa take ƙarshen kanal, da wanda take kan tudu, da wanda ya yi shuka a bakin magudanar da ke kwashe ragowar ruwa ko a gaɓar Kogin Kano, duk sai da suka nemi ɗan injin ban-ruwa mai aiki da fetur, musamman tun cikin shekarun 1980 sa'ad da hukumar KNARDA ta yaɗa shi tare da 'yan rijiyoyin fadama. Bayan ruwa kuma sai sufuri: alkama da shinkafa da albasa da tumatir ba sa kai kansu kasuwa.

Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan injuna da ke nan yadda kamfani ya ƙera shi. Da can ana taɓa su ne don a ƙara musu ƙarfi. A faɗaɗa silinda a sa fistin mafi girma, a kankare fuskar kan injin don matsi ya ƙaru, a huda salansa, a cire na'urar fesa mai ta zamani a ɗora kafireta domin ita kowane bakanike ya iya. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, da Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Sai akalar ta juya. Injin da aka ƙara wa ciki jiya, yau shi ake rage wa abinci. A tsakanin waɗannan gyare-gyare biyu masu karo da juna ne fistin ke hujewa.

Awon iska da mai

Injin fetur ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Domin mai ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska. In aka auna da mudu maimakon sikeli, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45. Aikin kafireta ko nozul ke nan, su riƙe wannan awo.

Sai dai akwai wani abu da masu tsimin mai ba su cika lura da shi ba. Sa'ad da mota ta ɗauki kaya aka take totur har ƙasa, masu ƙera inji da gangan suke sa man ya ɗan zarce, awon ya sauka zuwa kamar 12.5 ko 13. Wannan rarar ba ɓarna ba ce. A nan ne inji ke ba da cikakken ƙarfinsa, kuma man da ya yi saura yana sanyaya cikin silinda kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. In aka zare wannan rara, zafi ya hau, sai cakuɗen ya daina ƙonewa a natse daga bakin fulogi zuwa gefe. Ragowarsa ta riƙa fashewa da kanta gaba ɗaya. Ita ce ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas da ake ji a hawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wutar cikin silinda tana wuce digiri 2,000 a ma'aunin Selshiyos, fistin kuwa na sanholo ne, wanda tsantsarsa ke narkewa a digiri 660. Abin da ke hana shi narkewa shi ne wata siririyar iska mai ɗan sanyi da ke lulluɓe fuskarsa, da kuma zafin da yake miƙa wa bangon silinda. Fashewar nan takan kankare wannan lulluɓi. Daga nan kan fulogi ya yi ja, ya soma kunna mai tun lokaci bai yi ba, kuma in abin ya kai haka mintoci kaɗan sun isa.

In yunwar ta wuce nan kuwa, wutar takan yi sanyin jiki, ta riƙa ci a hankali har bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe tana ci, ta gasa shi. Wani sa'in ma ta koma baya ta yi atishawa ta bakin kafireta, ko kuma ta ƙi kamawa sam, inji ya riƙa ɗingishi.

Hunturu ma da nasa hannun. Iskar asuba ta watan Janairu, mai digiri 13, ta fi ta tsakar rana a watan Afrilu, mai digiri 40, nauyi da wajen kashi 9 cikin 100. Kafireta ba ta da hankalin da za ta cike wannan bambanci duka. Saboda haka injin da aka matse wa mai a bazara har ya tsaya a bakin gaɓa, da sanyin asuba sai ya faɗa. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin tumatir.

Motar ɗan baffana

Ban san kome game da wannan ba sai da abin ya zo gida. Ɗan baffana, wanda muke kira Yaya, yana da tsohuwar a-kori-kura mai silinda huɗu da yake jigilar kayan gwari da ita daga Kadawa. Injin ba na ainihi ba ne. Na wata mota ne da aka cire wa nozul aka ɗora masa kafireta a kan manifol na aro, watau bututun nan mai rassa huɗu da ke raba iska da mai zuwa kowace silinda. An taɓa kankare kan injin, an kuma sake salansa. Da mai ya yi tsada, wani bakanike ya zura siraran wayoyin tagulla biyu cikin babban jet na kafiretar, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi, don ya rage ƙofar. Yaya ya yi ta yabon aikin makonni.

Sai motar ta soma rawa in tana silo. In an taka ta sai ta daidaita, amma a ɗan hawa da kaya sai ƙarar tsakuwa ta tashi, da asuba kuma takan yi atishawa sau ɗaya ko biyu. Allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, kuma wannan ne ya yaudare shi, domin allurar tana auna ruwan injin gaba ɗaya ne, ba ta san abin da ke faruwa a kan fistin guda ba. Bakanike na farko ya canja fulogi huɗu. Na biyu ya buɗe sukurun silo na kafireta ya ƙara mai, rawar ta ragu, amma motar ta koma fitar da baƙin hayaƙi, kuma a hawa ƙarar tana nan. Daga nan aka ce mu kai ta wurin wani dattijo a Kura, na bi shi don in gani da idona.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne dattijon bai taɓa kafireta ba. Ya sa aka loda wa motar buhunan shinkafa, ya shiga gaba, ya ce Yaya ya hau titi ya taka ta sosai na 'yan mintoci, sa'an nan ya kashe injin tana cikin gudu, ya sa firi, ya gangara gefe ya tsaya. Dalilinsa shi ne in aka bar inji ya yi silo kafin a kashe, hayaƙin silo yakan shafe shaidar da gudu ya rubuta a kan fulogi. A nan bakin titi yaronsa ya kwance fulogogin, ya jera su a kan tsumma bi da bi, na ɗaya daga wajen fanka har na huɗu a wajen direba. Wannan jeri shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da kanikawan farko biyu suka yi watsi da shi da suka zube fulogogin wuri ɗaya.

Uku na farko farare ne fiye da yadda ya kamata, amma da baƙin tabo a gindinsu, alamar man da aka ƙara a silo. Na huɗu kuwa fari fat kamar alli, bakin ƙarfensa ya soma zagwanyewa, kuma a jikin farin akwai 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar an barbaɗa barkono. Dattijon ya miƙo mini shi ya ce in duba da kyau, Malam, waɗannan ɗigon ɓurɓushin fistin ne. Ya kamata a faɗa a nan cewa launin fulogi ba ya magana dalla-dalla kamar da, domin tun farkon 2006 aka daina sa dalma a fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma man yanzu ba ya barin launin ƙasa-ƙasa sosai. Shi ya sa ba launin fulogi ɗaya ake dubawa ba. Bambancin da ke tsakanin huɗun ake nema.

An gano silindar, saura dalili. A nan ma bai yi gaggawa ba. Ya auna matsin kowace silinda da ma'auni, domin in bawul ya riga ya ƙone ko zobe ya karye, duk wani saiti ɓata lokaci ne. Ƙa'idar ita ce kada wata ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100. Ta huɗu ta ɗan yi ƙasa, amma ba ta fita daga ƙa'ida ba. Ya musanya fulogi da wayar wuta ta huɗu da ta ɗaya, ya tayar: ɗingishin bai bi su ba, ya tsaya a ta huɗu. Ke nan ba laifin wuta ba ne. Sai ya ɗauko gorar ruwa mai huda a murfi, injin yana silo, ya riƙa tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan a inda kowane reshen manifol ya haɗu da kan injin. A na ɗaya da na biyu da na uku babu abin da ya canja. Da ruwa ya sauka a na huɗu sai muka ji an zuƙe shi, muryar injin ta canja nan take. Wasu kanikawa da fetur suke wannan gwaji, gudun injin ya ƙaru in an dace da ƙofar. Yana aiki, amma fesa fetur a kusa da bututun hayaƙi mai zafi da wayoyin wuta ganganci ne, kuma ruwa ya wadatar.

Bai tsaya nan ba. A jikin wannan reshe na huɗu ne aka ɗaura tiyon da ke zuwa baƙar tukunyar nan ta bayan fedar birki, wadda ke sa birki ya yi laushin takawa. Ya matse tiyon da filaya, silo ya ƙara daidaita. Da aka zare shi sai ga tsaga a ƙarƙashinsa, inda ido ba ya kaiwa. Ƙofa biyu ke nan na iskar sata, duka a kan silinda ɗaya.

Da aka kwance manifol ɗin ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a fuska, ya ɗaga shi sama ya nuna mana: haske yana wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen a wajen reshe na huɗu. Fuskar ta karkace tun ranar da aka yi mata walda don ta zauna a injin da ba nata ba, kuma gam ɗin da aka cika wurin da shi ya bushe ya fashe.

Ga inda na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda ya iya kwance noti. Ni a zatona an gama, a toshe ƙofofin a tafi. Dattijon ya nuna cewa iskar sata ta fi ɓarna ne a silo da matsakaicin gudu, lokacin da totur yake kusan rufe kuma injin yana zuƙa da ƙarfi ta kowace kafa; in an buɗe totur duka, abin da ke shiga ta tsaga kaɗan ne in aka gwada da abin da ke shiga ta babbar ƙofa. Saboda haka tsagar ita ta kawo rawa, amma ɗigon da ke kan fulogi aikin wayoyin da aka zura a jet ne. Su suka sa silinda huɗun duka cikin yunwa a lokacin kaya, ta huɗu kuma ta fi jin jiki domin tana ƙarshen layi: reshenta dogo ne, ɗigon mai ya fi iska nauyi ba ya son kwana, kuma ita ce mafi nisa daga famfon ruwa, don haka ta fi sauran zafi tun asali. Manomin da ke ƙarshen kanal a Bunkure ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. In an rage ruwa daga sama, na farkon layi ba ya ji. Shi ne alkamarsa ke bushewa. In kuma aka saki ruwa da yawa don a kai gare shi ba tare da an gyara inda ya fashe ba, sai gonakin sama su cika su yi dagwalo, wanda shi ne abin da bakanike na biyu ya yi.

Lissafin jet ma yana da yaudara. Mai yana bin faɗin ƙofa ne, kuma in an rage ratar huda da kashi 10 cikin 100, faɗin ƙofar yakan ragu da kashi 19. Abin da ido ke gani kaɗan, inji yana jinsa ninki biyu. Haka kuma mai sokar jet da allura don ya wanke shi yakan faɗaɗa shi bai sani ba.

Gyaran kansa bai ɗauki yini ba. An kai manifol wurin masu injin gyaran ƙarfe aka daidaita fuskarsa, aka sa sabon gaskit ba tare da gam ba, aka ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe. An sa sabon tiyon birki mai kauri irin wanda ba ya lanƙwashewa in an zuƙe shi. An zare wayoyin daga jet, aka mai da sukurun silo inda yake, aka wanke matatar mai da ta iska. Da yake an taɓa kankare kan injin matsi ya ƙaru, sai ya ɗan ja saitin wuta baya, ya kuma sa fulogi irin wanda ke saurin zubar da zafi. Sa'an nan aka koma titi da buhunan nan aka maimaita gwajin farko. Huɗun suka fito kusan launi ɗaya. Ya ce fistin na huɗu ya riga ya sami tabo, amma zai yi aiki in ba a sake matsa masa ba.

Motar ma'aikaci

Mai karatu da ke tuƙa tokumbo mai nozul da kwamfuta kada ya ce wannan matsalar manoma ce. Na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bututun salansa tana auna hayaƙin silinda duka ne a haɗe. In nozul guda ya toshe rabi, sai ta ga iska ta yi yawa, kwamfuta ta ƙara wa kowa mai. Ukun su ƙoshi har su yi amai, mai yunwar kuma ta ɗan samu amma ba ta ƙoshi ba, jimilla ta fito daidai, wani lokaci ko fitilar gargaɗi ba za ta kama ba. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Lambar P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0301 zuwa P0304 kuma suna faɗin silindar da ke ɗingishi. Amma lamba ba ta faɗin dalili. Dabarar dattijon Kura ita ce dai: a musanya nozul ɗin da na maƙwabciya, in ciwon ya bi shi to shi ne, in ya tsaya a nemi iskar sata ko a auna matsi. Wanda ya mai da motarsa mai aiki da iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta soma yaɗawa a 2023, shi ma kowace silinda tana da nata nozul na gas da ɗan tiyonsa, kuma tiyo guda da ya fi sauran tsawo ko ya lanƙwashe ya isa.

Shi kansa man yana iya zama sanadi. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta tabbatar an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Metanol kilo 6.4 na iska kawai yake bukata, saboda haka in ya yi yawa a tanki, kafireta tana auna ruwa daidai amma abin ƙonawa ya ragu. Man jarka na bakin hanya kuwa, ko ba a gauraya shi ba, ƙura da tsatsar da ke ciki su ne ke toshe jet da nozul.

Injin ban-ruwa da tukunyar gas

Injin ban-ruwa silinda ɗaya gare shi, ba shi da 'yan'uwan da zai ɓuya a bayansu, amma ba shi da allura ko fitila, kuma yana aiki ne da cikakken kaya sa'o'i a jere, mai shi yana can ƙarshen gona da fartanya. Yawancin masu inci uku da ake gani a yankin an kwaikwayi Honda GX160 ne, mai cc 163, wanda ke juyi har 3,600 a minti. Alamarsa ta yunwa sananniya ce: gudu ya riƙa hawa da sauka kamar mai haki, ko ya ƙi tsayawa sai an ja cok rabi. Manomi da yawa sukan bar cok ɗin haka su ci gaba, wanda kuwa yana nuna ƙaramin jet ya toshe ko gaskit ɗin bayan kafireta ya yage. Wasu kuma sukan cire soson matatar iska wai don ya yi numfashi, su ƙara masa iska da ƙurar hunturu a lokaci ɗaya.

Tun 2023 an ga manoma suna canja kafireta su jona injin da tukunyar gas ta girki. Yana aiki, hayaƙi ya ragu, baƙin mai kuma ya daɗe bai yi datti ba. Amma gas yana shiga ne a bushe, ba ya sanyaya bawul kamar yadda fetur ke yi in yana zama tururi, kuma fulogi yakan fito tsaf ko da yunwa ko babu, don haka karatun launi ba ya amfani. Ga kuma abin da ba a faɗa wa mai saye: gas ruwa ne a cikin tukunya, kuma yana jan zafi daga jikinta kafin ya zama iska. In injin ya daɗe yana zuƙa, ko tukunyar ta kusa ƙarewa, sai ta yi sanyi ta soma raɓa, ƙarfin turawarta ya faɗi, gas ya ragu, iska kuwa tana nan yadda take. Da asubar hunturu abin ya fi tsanani. Saitin da aka yi da rana a gareji da cikakkiyar tukunya ba shi ne zai kasance a gona bayan sa'a uku ba. Maganin shi ne babbar tukunya, ko biyu a haɗe, ko a tsayar da ita cikin baho mai ruwan kanal. Ba a kwantar da ita, ba a kuma kusantar da ita ga wuta ko salansa. Haɗin tiyo da ruwan sabulu ake gwada shi.

Shi saitin gas ana yinsa ne injin yana ɗaga ruwa, ba yana gudu a banza ba. A buɗe sukurun gas a hankali har gudu ya kai ƙarshensa ya tsaya cak, a bar shi a nan. Wanda ya ci gaba da matsewa har injin ya soma haki sa'an nan ya ɗan saki, ya bar shi ne a bakin gaɓa. In da dare aka ga bakin salansa ya yi ja, a kashe.

Abu na ƙarshe shi ne bawul. Da zafi da bushewar gas, bawul ɗin hayaƙi yakan riƙa nutsewa cikin mazauninsa, ratar da ke bayansa ta ragu har ya daina rufewa sosai, daga nan wuta ta sami hanya ta yanke gefensa. A injin GX160 ratar ita ce milimita 0.15 a bawul ɗin shiga da 0.20 a na fita, kuma ana aunawa ne injin yana da sanyi. Ratar bakin fulogi kuwa 0.7 zuwa 0.8. Noti huɗu ne ke riƙe da murfin, kuma ma'aunin ratar ana samunsa a shagunan kayan gyara na Kura. Mai aiki da gas ya kamata ya duba kafin shukar alkama a watan Nuwamba, ya sake dubawa a tsakiyar rani sa'ad da ban-ruwa ya yi tsanani.